Ƙwallon da Ka Hana a Ɗaga Sama

Assalamu alaikum, Malam,

Ina gaishe ka, ko da yake na san ba za ka amsa ba, takardar nan kuma ba za ta taɓa zuwa hannunka ba. Da ranka ma ba karanta wasiƙa kake yi ba, sai dai ka miƙo min in karanta maka kana taka keken ɗinki. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Na fara da addu'a ne tun da wuri, don in na shiga faɗa kada a ce ban yi ba.

Na fita takaba ranar Larabar makon jiya. 'Yarmu Hauwa ta sauka lafiya, namiji, an mayar masa da sunanka, yanzu duk gidan ba mai iya kiran jaririn sai dai mu ce Halifa. Shagonka yana hannun ƙaninka, yana ƙoƙari, amma wuyan riga har yau bai iya shi kamar naka ba. Rufin kicin da ka ce za ka gyara kafin damina yana nan yana yoyo, na sa masa bokiti.

Duk ba wannan ya zaunar da ni ba. Maganar ɗanka Abba ce, da ƙungiyar ƙwallonka. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya, na share tsakar gida sau biyu, na ɗora ruwa na manta da shi har ya ƙone, sai na ce bari in zo in faɗa wa wanda ya jawo.

Ba a daɗe da yin arba'in ɗinka ba kwamiti suka damƙa wa Abba ƙungiyar. Ni ban so ba, amma wa ya tambaye ni? Suka ce ɗan Koci ne, a gefen fili ya girma, ba wanda ya kai shi sanin tsarinka. Ya kuwa sani, fiye da yadda ya san karatun da muka tura shi ya yi. Gola ba ya doka ƙwallo gaba, sai dai ya miƙa wa ɗan baya, ɗan baya ya ba na tsakiya, a yi ta lallaɓa ta a ƙasa kamar ana raka amarya har a kai ragar abokan karawa. Duk wanda ya ɗaga ta sama ya fito ya zauna a benci. Shekara ashirin da wani abu ina jin wannan karatun a tsakar gidana, har ni da ban taɓa sa ƙafa a ƙwallo ba na haddace shi.

To, wasa huɗu suka buga a gasar bana. Na farko an ba su huɗu da nema. Na biyu shida da ɗaya, ɗayan ma an ce ɗan waccan ƙungiyar ne ya ci gidansu bisa kuskure. Na uku aka tashi kunnen doki, don murna har sadakar ƙosai na yi. Sai suka je Malali aka ɗura musu bakwai. Bakwai fa, Malam. Kai a duk shekarunka ka taɓa shan bakwai?

Ni ba sai an faɗa min sakamako ba, a wanki nake gani, don har yanzu nan ake kawo jesunan. Rigar gola kamar an ja shi a kwata. Na 'yan baya laka har wuya. Na 'yan gaba kuwa tas suke dawowa, ƙamshin sabulun makon jiya ma bai bar su ba. Sai in shanya su in tsaya ina kallo, kunya ta kama ni a madadin masu su.

Yanzu duk Unguwar Shanu ta zama koci. Mai kayan miya ma da na aika a sayo min tattasai, da saƙo aka dawo, wai a gaya wa Abba ya bar gola ya riƙa doka ƙwallo gaba. Abin haushin shi ne ba ƙarya suke yi ba. Manyan 'yan wasan da ka raina da hannunka sun watse, wani ya yi aure ya kama tuƙin keke, wani ya tafi Legas, wani gwiwa ta zaunar da shi. Waɗanda suka rage suna da gudu amma ba su da haƙuri. Sauran ƙungiyoyi kuma sun gane ku, da zarar gola ya miƙa wa ɗan baya sai mutum uku su yi masa ca, su ƙwace a bakin raga. Ga damina, fili duk tafki, ka buga ƙwallo a ƙasa ta tsaya a ruwa tana kallonka. Wannan ma sai an yi kwas kafin a gane?

Abba dai bai gane ba, ko ya gane ya ƙi. Ya rame, Malam. Tuwo in na zuba masa sai ya yi loma biyu ya ture. Usur ɗinka yana wuyansa har masallaci, a ƙarƙashin riga. Ya ɗauko farantin nan da gwangwanin maɓallanka, yana jera su a matsayin 'yan wasa yana matsarwa yadda kake yi, yana magana shi kaɗai. Wani lokaci in na hango shi ta taga ya sunkuya, keyar nan taka sak, sai in nemi wuri in zauna.

Ranar Lahadi Alhaji Isiyaku ya zo, abokinka shugaban kwamiti. Wai ya zo yi min barka da fita takaba. Ya sha ruwa, ya yi addu'a, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya sauke abin da ya kawo shi. Asabar mai zuwa suna da wasa. In Abba ya sake shiga da tsarin nan aka lallasa su, za su karɓi ƙungiyar su ba wani. Ya ce ba sa neman dole sai ya ci, su dai su ga ya sassauta, ya bar yara su doka ƙwallo gaba in sun shiga matsi, ko an ci su za su bar shi. Ka ga ai mutumin ya yi adalci. Da na gaya wa ɗanka, sai ya ce gara ya miƙa musu usur ɗin da ya aikata abin da ubansa ya hana.

Abin da ubansa ya hana. Nan ne na ji ya kamata a ce kana da rai, in kalle ka ido cikin ido.

Ka tuna ranar da ka gaya min? Da rana ne, ina guga, kai kana kwance a tabarma zazzaɓi ya hana ka fita, Abba yana goye a lokacin. Na tambaye ka wai me ƙwallo ta yi maka da ba ka so a ɗaga ta sama. Ka yi dariya har da tari, ka ce in rufa maka asiri. Lokacin da ka fara tara samari a filin bayan firamare, ƙwallo biyu kacal gare ku. Jikin filin akwai katangar Alhaji Sule, tsohon ma'aikacin nan da ya yi ritaya ya kama lambun latas a gidansa. Duk ƙwallon da ta tsallaka ta faɗa masa a kan shuka, wuƙa yake sa mata, ya jefo muku fatar. Ya yanka ta farko, ka ɗinke ta a shago da zaren takalmi, ya sake yankawa. Da ta rage saura ɗaya sai ka tara yaran ka kafa doka, ƙwallo a ƙasa, wanda ya ɗaga ya fita. Ba ka ce musu tsoron wuƙar Alhaji Sule kake yi ba. Ka ce musu haka manyan duniya suke bugawa.

Shi ke nan fa asalin tsarin Koci, latas ɗin wani dattijo. Daga baya da aka fara cin kofi, ka sa masa riga da wando, ka riƙa tsayawa a gefen fili hannu a baya kana bayani mutane suna gyaɗa kai. Ni kuma ina gida ina dariya a cikina. Ka ce kada in gaya wa kowa, na ce to. Na riƙe maka, ko ƙanwata ban taɓa gaya wa ba.

Kwana huɗu na yi ina juya maganar nan. In na yi shiru, za su ƙwace ƙungiyar a gaban jama'a, kuma na san ɗanka, ba zai ƙara ɗaga kai a unguwar nan ba, abin da ya rage masa naka ke nan. In na faɗa, na karya alƙawarin mamaci, na kuma rage maka tsawo a idon yaron da yake ganin ba a taɓa yin kamarka ba. Wanne zan ɗauka? Kai da ka iya tsara mutum goma sha ɗaya, me ya sa ba ka tsara wannan ba kafin ka tafi? Sati uku ka yi a asibiti, bakinka garau, ka yi wasiyyar shago, ka yi ta keken ɗinki, har ta wanda za a ba agogonka. Minti biyar ya gagare ka ka kira ɗanka ka ce masa dokar nan ba saukakkiya ba ce? Na ji haushinka, Malam. Ina faɗa maka ne don ban iya ɓoye maka fushi ba da ranka, ba kuma yanzu zan koya ba.

Jiya bayan la'asar na faɗa masa. Ka yafe min.

Na zaunar da shi a kan tabarma na ba shi labarin tun daga latas har zaren takalmi. Na ɗauka zai yi fushi, ko ya ce ƙarya nake yi don in ceci aikinsa. Sai ya fashe da dariya. Rabona da jin dariyarsa tun kafin ka kwanta. Ya yi ta yi har ya kifa kai a gwiwa, daga nan dariyar ta juye ta zama kuka, na bar shi ya yi abinsa, ni ma na taya shi. A raina na ce alhamdulillahi, an wuce wurin.

Da ya share fuska sai ya tambaye ni yaushe Alhaji Sule ya rasu. Na lissafa, na ce ai ya kai shekara goma sha biyar, magada ma sun sayar da gidan an rushe katangar an yi shaguna. Ya tambaye ni ƙwallo nawa ƙungiyar take da su a lokacin, na ce buhu guda, don ni nake tsallake su a zaure. Sai ya ce to me ya hana Baba janye dokar washegarin da aka rushe katangar.

Malam, tun jiya nake neman amsar tambayar nan. Har yanzu ban samu ba. Me ya hana ka? Tun ina ganin na fi kowa saninka, yaron nan ya yi min tambaya ɗaya ta kwance min kai. Girman kai ne, ka riga ka faɗa a gaban mutane ba ka iya janyewa? Na san kana da shi, ni na zauna da kai. Ko kuwa abin da ka fara don tsoron wuƙa ne ya zame maka gaskiya a hannu, ka ga wani abu a cikinsa da ni mai wanki ban gani ba? Na tuna yadda kake dawowa wani lokaci an ci ku amma fuskarka fes, kana cewa yau yara sun buga ƙwallo. Ina ce maka ƙwallon da aka ci ku ita ce ƙwallo? Sai ka yi murmushi ka ce a kawo abinci. Ban taɓa tsayawa na tambaye ka da gaske ba. Dariyar da nake yi maka ta ishe ni, na ɗauka na riƙe sirrin gaba ɗaya, ashe wataƙila rabi ka ba ni.

Ga inda muke ke nan. Na karya alƙawarinka, kuma ban san ko na ceci ɗanka ba. Bai ce min zai sauya ba, bai ce ba zai sauya ba. Yau da safe ya sha koko kofi biyu, wannan dai na gani da idona, ya fita atisaye. Na so in tambaye shi abin da ya yanke, amma na bar shi ya tafi. Jibi ne Asabar.

Akwai abu ɗaya kuma da ban taɓa faɗa maka ba, ko da yake ka sani. Ban taɓa zuwa kallon wasanka ba, ko sau ɗaya. Ka gayyace ni ranar da kuka kai wasan ƙarshe, har kujera ka ce an ajiye min a rumfa tare da matan 'yan kwamiti, na ce ina da aiki. Ba ni da aikin komai. Gani nake wasan yara ne ya ɗauke min miji, kuma na san asalinsa, me zan je in kalla? Ka dawo da kofi ka ajiye a kan akwati, ba ka ce min komai ba. Wannan shirun naka ya fi damuna yanzu fiye da duk faɗan da muka taɓa yi.

Jibi zan je. Na gaya wa Hauwa ta zo ta raka ni, na fito da mayafina mai kauri saboda hadari. Ban san abin da gola zai yi da ƙwallon farko da ta shiga hannunsa ba, ko zai doka ta gaba ko zai miƙa ta a ƙasa, ban ma san wanne nake roƙa ba. In sun ci, zan ga abin da na ƙi zuwa in gani a wurinka. In kuma an sake lallasa su, Alhaji Isiyaku ya zo karɓar usur, to ya karɓa a gabana, yaron nan ba zai tsaya shi kaɗai a fili ba yadda na bar ka ka tsaya.

Ka huta lafiya, Malam. Allah ya yafe maka, ya yafe min, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Matarka,
Binta