Ruwa Lafiya, In Ji Lonzo

Cutler Bend, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Vernell,

Gaisuwa mai yawa da so da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Yaya Amos da yara da duk mutanen Chicago. Yaya hawan jinin nan da ya hana ki taɓa kifina da kika zo bara? Ki riƙa shan magani, kar ki yi sakaci irin na Mama. Mu nan lafiya, sai zafi. Mijina Roscoe yana gaishe ki, jikata Junie ma haka, ta kusa kamo ni a tsawo.

Takarda na rubuto don a waya ba kya barina in kai aya. Garinmu ya rikice, Yaya. Jarida ta buga cewa hukumar muhalli ta kama tashar nukiliya da karya sharuɗɗan izinin zubar da ruwanta a kogi. Kin tuna ƙaton bututun da ke sama da mashigin da cocinmu ke baftisma, inda ruwa ke ɗumi tarwada ke taruwa? Wai akwai magungunan da suke sawa don hana tsatsa da kashe ƙwarin da ke toshe bututu, an kuma ƙayyade musu iyakar da za su saki. Shekara biyu suna zarce iyakar suna shiru. Kamfani ya ce ba burɓushin nukiliya ba ne, kowa ya kwantar da hankali. To, su da ruwan kwalba suke sha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka sa autanmu Lonzo a baki, don shi ne mai ɗiban ruwan a kwalabe ya kai gwaji. Jiya a kanti matar Tolliver ta ce da ƙarfi, don in ji, "Da ɗan gari akan ci gari." Kin san bakina. Na ajiye kwando na ce, "Ke da mijinki ya sayar da jirgin ruwansa ya sha giya, kogi ya dame ki?" Na gaya mata a gaban kowa: duk Juma'a Roscoe zai kamo tarwada a gindin bututun nan, in soya da garin masara, in naɗe kason Lonzo in kai masa, ya karɓa da hannu biyu har yana cewa na yi masa rowar barkono. Wanda ya san da guba a kifi zai nemi ƙari?

Kuma wa ke riƙe da sandar Baba? Duk ranar baftisma a watan Agusta, Lonzo ke fara shiga kogi da ita ya caccaki ƙasa, Fasto ya tambaya daga gaɓa, ya amsa, "Ruwa lafiya!" sannan a shigo da yara. Bara ma haka ya ce, shi ya riƙe hannun Junie aka nutsar da ita. Yaron da na goya tun rasuwar Mama ba zai yi mini haka ba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Ki sa shi a addu'a, ya rame. A gaida kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Odessa

Cutler Bend, 20 ga Yuli

Yayata Vernell,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata jikin naki da sauƙi. Na gode da kiran da kika yi, ko da yake abin da na tsinta a ciki shi ne in rage surutu in bi a hankali. Da na ji maganarki, da ban kunyata kaina a kanti ba.

Yaya, ki yi haƙuri da rubutun. Makon jiya iska ta kayar da turakun lantarki, aka ɗauke wuta. Mu da ke kwana da tashar lantarki a bayan gida, mu ne a duhu, har Roscoe yana cewa mai gidan rawa ya rasa ganga. Da abin ya ɗauki kwanaki, sai Charlene matar Lonzo ta kira ni in zo mu ceci naman da ke firijinsu kafin ya lalace, shi yana wurin aiki. Na je da ƙanƙara a mota. A garejinsu firiji biyu ne. Na kama murfin na kusa da bango, sai na ji ta ce, "Ba wannan ba, Yaya!" Ai na riga na ɗaga.

Kifina ne. Cike har baki. Kowane ƙunshi da naɗin hannuna, da 'yar takardar da nake liƙawa in rubuta "Auta". Ko ɗaya ba a buɗe ba. Na ƙasa sun daskare sun yi fari, na sama sun fara narkewa suna ɗiga. Na tsaya ina kallon Juma'o'ina na shekara biyu, har da na ranar da na soya ina fama da zazzaɓi don kar ya ga ban aiko ba. Charlene ta fashe da kuka, wai ya kasa ci, ya kuma kasa zubarwa don daga hannuna ya fito. Wai wannan shi ne ƙauna. Na rufe firijin, na bar mata ƙanƙarar, na shiga mota.

A hanya abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Bara ranar baftisma, a ƙarƙashin farar rigar Lonzo, dogon takalmin roban masunta ya saka har ƙirji, muka yi ta yi masa dariya wai tsufa ya sa yana tsoron sanyi a Agusta. 'Yarsa Imani, da ya kamata a yi mata baftisma tare da Junie, aka ce kunnenta na ciwo, daga baya aka yi mata a cocin birni, a kwamin cikin ɗaki. Junie kuwa ta kwana biyu ido jajir, ƙuraje suka feso mata a wuya da baya, ni da wautata na ɗora laifin a kan sabon sabulu. Na kai ta asibiti shekaranjiya. Likita ya ɗebi jini, ya ce bai ga abin tsoro ba yanzu, amma ba zai rantse mini kan gaba ba, kuma a daina ba ta kifin wurin. Da hannuna nake cire mata ƙaya, Yaya.

Ban neme shi ba, shi ma bai zo ba. Ke ce babba, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki kira shi ki tambaye shi abin da na yi masa. Ba ni da wanda zan kai wa kukana sai ke.

Ƙanwarki,
Odessa

Cutler Bend, 25 ga Agusta

Vernell,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Mu ma muna nan.

An yi baftisma ranar Lahadi. Ba a je kogi ba. Kwamin shayar da shanu aka aro daga gonar Tolliver, aka wanke, aka cika da ruwan rijiya a bayan coci. Tsofaffi suna waƙa suna share hawaye, don tun kakanninmu ba a taɓa yi a tudu ba. Fasto ya buɗe baki zai yi tambayar da ya saba, ya waiga bai ga mai sanda ba, ya haɗiye.

Da yamma Lonzo ya zo, da sandar Baba a hannu. Ya tsaya a ƙasan matakala kamar mai tallan inshora. Ban ce ya hau ba. Ya ce, "Yaya, ki zage ni mana, shirun nan ya fi duka ciwo." Na ce zagi na wanda ake sa ran gyaruwarsa ne, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce duk ranar da za a saki maganin, shugabansa kan tura shi ya ɗebo ruwan gwaji ta saman bututu, inda bai gauraya ba. Sau ɗaya ya yi magana, aka tuna masa cewa masu neman aikinsa suna da yawa. Na ce ban tambaye shi kamfani ba, kamfani ba ƙanena ba ne. Kalma ɗaya zai raɗa mini a kicin: Yaya, bar kifin nan, kar Junie ta shiga ruwa. Me ya hana?

Sai ya ce ya so ya faɗa, har ya nemi shawara. Na ce wurin wa? Ya ce, "Yaya Vernell. Tun kafin ta zo bara. Ta ce bakinki ba ya riƙe magana, kina ji gari ya ji, in rasa aiki. Ta ce ɗan kifi na Juma'a ba zai kashe kowa ba."

Ashe ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na tuna ki a teburina, kin ture farantin kina dafe ƙirji, wai likita ya hana ki soyayye. Na tashi na dafa miki kaza daban, ba gishiri. Kika tura wa Junie kasonki kika ce ta ci ta girma. Ranar baftisma kika tsaya a gaɓa da farar hularki, muryarki ta fi ta kowa, kina kallo aka nutsar da ita.

Gaskiyarku, da na ji da gari ya ji. Da na bi gida gida, da na tsaya a ƙofar coci na hana kowane yaro shiga ruwan nan, nawa da na matar Tolliver. Wannan bakin da kuke jin kunya, shi ya yi ta kare Lonzo a kanti, shi ya yi ta kawo miki kuka wata biyu kina cewa in bi a hankali. Jiya na je na ba matar Tolliver haƙuri a gaban mutanen da na zage ta. Gobe ma'aikatan hukuma za su saurari mutanen gari a zauren makaranta, na kuma gaya wa Lonzo ko ya tashi ya faɗa da bakinsa, ko in faɗa da nawa.

Sandar Baba tana bayan ƙofata. Ɗakin da nake gyara miki duk shekara Junie ta koma ciki, tana son tagar. In kin tashi zuwa, akwai wuri a gidan Lonzo, akwai kuma kifi.

Tambayar da na yi miki kan hawan jini, ba sai kin amsa ba.

Odessa