Ƙofar da Ta Koma Amalanke

Zakirai

Zuwa ga Malam Abdussalam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a Kunci. Tun da aka yi maka canjin makaranta na rasa mai ba ni shawara.

Malam, shagon waldar da na buɗe bai karɓe ni ba. Na ƙera ƙofofin ƙarfe uku masu adon fure, irin waɗanda na koya a Bacirawa. Wata huɗu ke nan suna jingine, sai dai a shafa a ce Allah ya kawo kasuwa. Fetur ya yi tsada, hatsi ya fi shi. Badaru direba ya taya injina. In na sallama masa zan tafi Legas, amma Inna ba ta da kowa a gida sai ni. Tun da ta ji maganar ta rage cin abinci.

Ɗalibinka,
Tasi'u

Kunci

Tasi'u ɗana,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka sau biyu, kuma hannunka ya gyaru, na ji daɗi.

A Bacirawa kullum gini ake yi, shi ya sa ƙofa ke tafiya. A Zakirai wa zai sayi ƙofa alhali rumbunsa ya yi ƙasa? Kuɗin garin nan daga gona yake fitowa, ya biya ta kasuwa, sannan ya iso shago irin naka. Shekara tara na yi ina kallon wannan.

Kada ka ba Badaru amsa tukuna. Ranar kasuwa rufe shago, ka zagaya baya inda ake ɗaure shanu. Tun da kuɗin mota ya gagari mutane, kowa ya koma amalanke. Ka durƙusa ka dubi ƙarƙashinsu. Aikin gidanka ke nan, ina jiran sakamako. Gai da Inna Larai da kyau.

Malaminka,
Abdussalam

Zakirai

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je, na durƙusa. Rabinsu da igiya da tsumma aka ɗaure su. Wani dattijo, Baba Sabo, ya ga ina leƙen tasa, ya ce, "Yaro, saya za ka yi ko sata?" Da na ce gyara, sai ya ce sau biyu taki yana zube masa a hanya.

Ba ni da ƙarfe, sai na yanka ƙofa ɗaya na yi masa ƙasa da murfin baya. Yanzu amalankensa na yawo a ƙauyuka da fure a baya, ana tsokanarsa wai ya auro wa shanunsa amarya. Duk wanda ya yi dariya kuma sai ya tambayi shagon. An kawo garma, an kawo injin matsar gyaɗa na matan unguwa, ƙofa ta biyu ma ta tafi. Asama'u mai ƙosai ta dasa kaskonta a bakin shagon saboda masu jira.

Na ba Badaru haƙuri. Inna ta ce a gaya maka ta cinye tuwonta har da ƙari.

Ɗalibinka,
Tasi'u

Kunci

Tasi'u,

Alhamdu lillahi, ka ci jarrabawa. Amma kada ka yanka ta ukun. Ajina ba shi da ƙofa, awaki sun cinye mana taswira. Ka ba Badaru ya kawo ta.

Allah ya yi maka albarka.

Abdussalam