Harshen da Ke Sa Hannu

Litinin, 3 ga Maris

Ina rubuta yadda al'amarin yake domin kada a juya shi daga baya. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina ɗanɗana ruwan tuffa a wannan masana'anta. Tankuna goma sha biyu ne, kuma babu wanda ake zuba wa kwalba sai na sha rabin kofi daga cikinsa na sa hannu. Haɗiyewa nake yi, domin wanda ya koya mini aikin ya ce ɗacin tuffar da ta ƙuje ba ya bayyana sai ya wuce maƙogwaro. Yau likita ya ce sukarin jinina ya haura, in daina. Na yi masa godiya. Ban ce na yarda ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Auta, wadda ke aikin jinya, ta tsare ni a ƙofa da lissafi: rabin kofi sau goma sha biyu, kofi shida ke nan kullum. Na tuna mata cewa tsantsar tuffa ce. Ko wadda ake kawo mana daga ƙetare a durom, an ƙafe ta kamar zuma, ruwa kawai muke mayar mata. Ba mu taɓa zuba ko cokalin sukari ba.

Ta ce, "Baba, jininka bai san wanda ya zuba ba."

Mu muka biya kuɗin makarantar, ga sakamakon.

Asabar, 8 ga Maris

Mai ɗakina ta ɓoye kofina na azurfa. Na sha da na roba.

Talata, 11 ga Maris

Labari ya kai ga Manaja, kuma na san bakin da ya kai shi. Ya shigo yana "ranka ya daɗe" har sau uku, wai ga na'urar auna zaƙi da tsami, in huta. In kuma dole sai na ɗanɗana, to in kurkure in tofar, haka ake yi a ko'ina. Ni, da furfurata, in tsaya gaban ma'aikatan da na ɗauka aiki ina tofe-tofe kamar raƙumi? Na ce masa ranar da na'urar ta iya sa hannu sai ya sallame ni.

Laraba, 19 ga Maris

Tanki na bakwai. Mai aiki da na'urar awo ta ce lambobinta sun cika. Na sha, na jira, sai ga shi can ƙasan maƙogwaro: warin tuffar da ta kwana a jiƙe. Na hana. Aka bi sawu, aka tarar an matse buhunan da suka fara ruɓewa ba a tsince ba. An zubar da tankin duka. Manaja bai iya haɗa ido da ni ba, masu matsar tuffa kuwa har da tafi, wai Baban Tanki ya kayar da inji.

Tafin ƙafata yana zugi tun azahar. Takalmin ne.

Juma'a, 21 ga Maris

An kawo sabuwar takardar jikin kwalba in duba. Hoton tuffa na gani sarai, ƙananan rubutun kuwa sun haɗe kamar tururuwa. Na ce fitilar ofis ce, na tafi da ita gida.

Lahadi, 23 ga Maris

Auta ta karanta mini. Da ta zo layin sukari sai ta ajiye takardar. Ta ɗauko faranti ta auna sukari cokali shida na shayi, ta ce na kofi ɗaya ke nan. Ta ci gaba da aunawa har talatin da shida. Ta ce abin da ke rage wa zaƙin gudu a jiki yana cikin tuƙar tuffar da muke loda wa masu shanu. Wato shanun sun fi ni rabo.

Layin nan ni na sa masa hannu shekara da shekaru. Tsibin sukarin yana nan kan tebur, na hana a kwashe.

Litinin, 24 ga Maris

Na tafi da wani gwangwani mai murfi a aljihun riga, ba don likita ba. Na lura cewa idan aka riƙe ruwan a baki aka fitar da numfashi ta hanci, warin yana fitowa ko ba a haɗiye ba. Bincike ne na sana'a kawai, kuma ni na gano shi.

Na liƙa wannan a ƙofa: "Daga yau za a rufe ɗakin ɗanɗano daga ƙarfe tara zuwa goma. Ana roƙon dukkan ma'aikata, har da Manaja, su ba da haɗin kai, kada kowa ya leƙo, kada kuma a tambayi abin da ke cikin gwangwanin."