Lambar Kawu Kangwa

Unguwar Ma'aikata, Sashe na Uku,
11 ga Mayu, 1953

Zuwa ga Mayo, mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da ƙannena. Yaya gwiwar nan? An gama yankan tamba? Busassun tsutsotsin da kika aiko sun iso, na ci har na karkaɗe takardar. Ina gaida katikis, malamin coci, da ke karanta miki wannan, kuma kada ya tsallake komai.

Albishirinki, na daina yawon kai saƙo. Baturen ofishin walwala ya ba ni littafi da fensir biyu. Duk Asabar da magariba ina zama cikin masu kallon majigi, in rubuta abin da suke faɗa, shi kuma ya aika wa manyansa don su san irin fim ɗin da ya dace da mu. Ya ce ra'ayi yake so, ba ruwansa da sunan kowa.

Mutum ya fi dubu biyu a fili. Ba mai jin Turancin, ba kuma mai damuwa, kowa da bakinsa yake ba da labarin. A nan duk jarumin kaboyi Jak muke ce masa. Wannan makon tsohon fim aka kawo, Jak ɗinsa ɗan doka ne mai tauraro a ƙirji, a wani gari na bakin daji. Nan fili ya rabu biyu. Wata mata ta ce, "Kai, dubi tafiya, wannan ko bai ci da ni ba na aure shi." Wani leburan ramin haƙar ma'adini ya ce dokin ya fi mahayin hankali. Duk na rubuta.

Sai yayanki, Kawu Kangwa, ya hau benci yana tarin nan nasa. Ya ce, "Jak na gaske ba ya sa tauraro. Wannan karen masu shanu ne, an rataya masa gwangwani." Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai idonsa ya faɗa kaina. Ya ce, "Ga wani ma nan, shi fensir aka rataya masa. Sampa, rubuta mana. Rubuta wa Baturenka cewa ka shekara goma sha ɗaya kana jiƙa mini tabarma."

Mayo, da ƙasa ta tsage da na shige. Mwaba, yarinyar da na gaya miki ina nema, tana layi na biyu. Ta toshe baki da zane, amma na ga kafaɗunta suna rawa. Tun ranar, daga kasuwa har gidan giya, sunana Jak Mai Tabarma. Na san shi ya riƙe ni, shi ya kai ni makarantar mishan. To riƙon ne ya ba shi izinin tuɓe ni a gaban jama'a? Na je na same shi, ya ce wasa ne, wai akawu ba ya jin wasa. Na tsane shi a ranar, kuma ba na jin kunyar faɗa miki.

Ki gaida kowa da kowa.

Ɗanki,
Sampa

1 ga Yuni, 1953

Mayo,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin bana bai taɓa gwiwarki ba. Saƙonki ya iso, cewa in yi haƙuri, kawu uba ne. Na ji.

Jama'a sun matsa, shekaranjiya an sake kawo fim ɗin nan. Akwai wurin da 'yan fashi suka kama Jak suka tsoma kansa a kwamin ruwan dawaki. Masu ƙaunarsa suka yi tsit, sauran suka ɗauki tafi. Kin san ana ta raɗe-raɗin yajin aiki a rami, kowa a wuya yake. Kawu ya sake hawa bencinsa, ya nuna 'yan dokan unguwa da ke tsaye a bakin fili da kulake, ya ce, "Ku duba da kyau, haka za mu yi wa namu." Sannan ya juyo ya ce, "Mai Tabarma, ka samu, ko in maimaita?"

Na samu. Na rubuta kalma da kalma, da Turanci mai kyau. Hannuna bai tsaya nan ba. A ƙarƙashi na sa sunansa, na sa lambar aikinsa, wadda ke kan awarwaron ƙarfen hannunsa. Tun ina yaro nake ganinta in yana yanko mini tuwo. Ba wanda ya tambaye ni. Baturen ma da ya gani yau da safe sai da ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya cire shafin ya sa a ambulan zuwa ga manajan unguwa.

Kada ki ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. A nan gida na kamfanin ma'adini ne, ranar da aiki ya tafi gida ya tafi. Na kuma san saura masa wata biyar ya cika shekara ashirin a rami, a sallame shi da mutunci. Mai yiwuwa su ja masa kunne kawai. In ma ba su tsaya nan ba, shi ya ce in rubuta.

Ina gaida ƙannena.

Ɗanki,
Sampa

8 ga Yuni, 1953

Mayo, mahaifiyata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ga labari. An kori Kawu ran Laraba, aka ba shi kwana biyu ya kwashe kaya. Ba kamfanin ma'adinin da zai ɗauke shi, likita ya daɗe da sanin ƙura ta cinye masa huhu, dama lallaɓa shi ake yi.

Na raka shi tashar lori, don kada a ce ban yi ba. Na yi zaton zai zage ni, na ma shirya amsa. Bai zage ni ba. Sun yanke awarwaron, wurin ya yi fari fat. Ya ce manaja ya nuna masa takardar, bai iya karantawa ba, amma ya gane hannuna. Ya ce, "Rubutunka ya yi kyau, ɗan ƙanwata. Shekara goma sha tara ina ɗauke da lambar nan, ban taɓa iya rubuta ta ba. Ashe ban yi asarar kai ka makaranta ba." Tari ya sarƙe shi, yaran mota suka ɗaga shi sama kamar buhu. Na tsaya har lorin ya ɓace. Amma da na dawo na ci abinci, kuma ya shiga.

Ran Asabar an kawo sabon fim. Da na zauna, benci ya watse, aka bar mini fili hagu da dama. Mutum dubu biyu suka kalli Jak yana harbi, ba wanda ya ce uffan inda kunnena zai kai. Ba mai kirana Mai Tabarma kuma. Ba mai kirana komai. Sai na cika shafi huɗu da ra'ayoyin da na ƙago da kaina. Bature ya ce bai taɓa ganin masu kallo sun yi hankali irin na wannan makon ba.

Lorin zai sauke Kawu a mararrabar Luwingu ran Alhamis in hanya ta yi kyau. Ki tura mutum biyu da keke, ba zai iya takawa zuwa gida ba. Ki gyara masa ɗakin da ke nesa da naki, tarin yana hana mutane sakewa.

Uban Mwaba ya ce ba zai ba da 'ya ga mai kwana a ɗakin gwagware ba. Na kai kukana ofis, manaja ya ce akwai gida ɗaya da ya zama ba kowa. Jiya na karɓi makulli. Ki gaya wa Kawu kabewar da ya shuka a bayan ɗaki ta fara 'ya'ya, ina ba ta ruwa. In ta nuna yana da rai, zan aiko masa da ɗaya.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki mai biyayya,
Sampa