Busa Ta Taga

Zuwa ga uwar yarana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki. Ya gida? 'Yarki da mijinta suna gaishe ki. Wasiƙa na rubuto, tunda kin ce waya da ni asarar kati ce.

Har yau ba a yi mini aikin ba. Likita ya ce ba zai sa mini wuƙa ba sai an auna ƙarfin huhuna. Wurin gwajin wani ɗan ɗaki ne, tagarsa a wangale tun lokacin annoba. Kowa da sabon bututunsa, a matse maka hanci, ka busa. In ka fita a goge kujera, a bar ɗakin ya sha iska kafin wani ya shiga.

Sau biyu ina faɗuwa gwajin, kuma wallahi ba huhu ba ne. Ma'aikaciyar takunkumi ne a fuskarta, ni kuwa kin san da ido nake ji. Girarta kawai nake gani tana tashi tana sauka. Ina jan numfashi, ashe busawa ake so. Na roƙe ta ta sauke shi, ta girgiza kai, ta nuna wata tsohuwa mai tari da ke jiran layi. Ban ga laifinta ba.

Jibi ne gwajin ƙarshe. In na faɗi, gida zan dawo da kumburin nan. Zama ya gagare ni, sai zagaye falo nake ina hure-hure. 'Yarki ta ce tsohonta ya zama famfon keke.

Naki,
Kurmanki

Uwar yara,

Bayan gaisuwa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Yau ma'aikaciyar nan ta juya kujerata ta fuskanci taga, ta sa mini bututu, ta fice abinta. Na ce shi ke nan, ta gaji da ni. Sai ga ta a waje, tsamo-tsamo cikin taɓon furanni, ta zare takunkumi ta buɗe baki. Har da wushirya irin taki! Ta ce ja, na ja. Ta ce busa, na busa har na ga taurari.

Na ci. An sa aikin ranar Litinin, shi ne kuma yanzu ya hana ni zama.

Ki lallaɓo ki zo. Duk masu aikin da takunkumi za su kewaye ni. In Allah ya sa na farka, ina son bakin da zan iya karantawa, ko da faɗa zai yi.

Naki har kullum,
Kurmanki