Kafireton motarka da Lawal ya canza

Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Jos? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Daura lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Motar wasan nan taka mai rimot, mai shan fetur, ta ƙi tashi ranar Juma'a. Na kai wa Lawal bakanike, mai neman auren Hadizarmu. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce, "Kafireto ne, sai an canza." Ya sa wani, ta tashi, amma sai tari da hayaƙi. Da na nemi tsohon, ya kau da kai ya ce ya jefar.

Jiya na biya shagonsa, na ga kafireto mai ɗigon jan fenti a jikin injin feshin wani manomi. Naka ba haka yake ba? Raina dai bai kwanta ba. Sati mai zuwa iyayen Lawal za su zo gaisuwa. In faɗa wa Baba, ko in yi shiru?

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Aminu