Ƙugin Fanka a Ɗakin Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya raya mana su. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka kuwa san in ta fara faɗa to lafiya ta samu. Jikin Baba ne dai sai addu'a. Saboda shi na zauna na rubuto maka, don in na ji muryarka a waya sai bakina ya yi nauyi, in ɓuge da cewa da sauƙi.

Ka tuna makirufon da ka aiko, ka ce in riƙa ɗaukar hirar Baba a kwamfutar da ka bari a ɗakinsa, don yaranka su ji labaran hanya daga bakin kakan da ba su taɓa gani ba. To na fara. Duk shekarun da ya yi yana jan babbar mota babu abin da ya manta, sai dai ciwon maƙogwaron nan ya cinye muryar, kullum ƙara sirancewa take. Da na saurari abin da na ɗauka, wallahi ƙugin fankar da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar ne kawai ke tashi, Baba yana can ƙasa kamar mai magana daga bayan gida. Shi da kansa ya ce jin ta yake kamar tsohuwar motarsa tana hawan tudu da lodi. Na gwada da waya, ita kuma ba ta kama muryarsa sam.

Rannan ya tashi da ƙarfinsa, ya ce zai ba da labarin ranar da aka haife ka, yadda motarsa ta lalace a hanya, ya bar ta nan ya tako da ƙafa. Ashe Mama ta ji ina mitar ƙara, ta ɗauko bargo ta lulluɓe akwatin kwamfutar a ƙarƙashin tebur. Ka san ta, ko talabijin sai ta yi masa mayafi. Ni kuma da na ji ƙugin ya ragu sai murna. Baba ya yi magana mai tsawo, har da kwaikwayon kukanka, muna ta dariya. Yana gab da gamawa kwamfutar ta ɗauke ɗif saboda zafi, ban riga na adana komai ba. Mama ta zauna bakin gado tana hawaye. Baba ya ce mata ai duk injin da aka toshe wa hanci dole ya shaƙe, ya so ya yi dariya tari ya sarƙe shi.

Washegari na kira mai gyaran da ke ƙasan benenmu. Ya buɗe akwatin ya nuna mini fankar, 'yar mitsitsiya, ya ce ƙanƙantarta ce ke sa ta gudu kamar za ta tashi sama. Ya ce babbar fanka a hankali take juyawa amma ta fi tura iska. In ana son shiru sosai sai a sa biyu a jikin ƙarfen da ke zuƙe zafi, ɗaya ta turo iska ta gaba, ɗaya ta ja ta fice ta baya, a ɗaure su da roba don kada su yi karkarwa. Akwai mai sanyayawa da ruwa, amma ya ce famfonta ma yana da nasa gunaguni. Na ce a kawo manya biyun. Ba su da su a kusa, sai da aka yi oda. Haka na yi ta sintiri shagonsa, yana cewa gobe, ni kuma ina kallon Baba yana ramewa.

Sun iso makon jiya, an ɗaura. Gaskiya mai gyara bai yi ƙarya ba, sai ka kai hannu ka ji iska kafin ka yarda a kunne take. Na gyara wa Baba matashi, na matso da makirufo, na ce ya sake mana labarin haihuwarka. Ya buɗe baki, Yaya, babu abin da ya fito sai iska. Ɗakin ya yi tsit, muka ji yadda ƙirjinsa ke yin fito kamar usur in ya ja numfashi. Ashe da ƙugin nan ne ke rufe shi. Mama ta tsaya da kofi a hannu tana saurare. Ya yafito ni, na kai kunnena bakinsa, ya ce in sa a mayar da tsohuwar fankar, ba ya son Mama tana jin wannan abin. Na sa an mayar. Yanzu yini take a kunne ba a ɗaukar komai, manyan biyun kuma suna cikin kwalinsu a kan kabad.

Mama tana gaishe ku, da Kawu, da Gwaggo, da maigidana. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan Ƙarami da yayyensa. Don Allah kada ka sake aiko da wata na'ura. Ka ɗauko yaran ka taho da su. Ba zai iya ba su labari ba, amma har yanzu idonsa yana gani, hannunsa kuma yana riƙewa.

Wassalam. Taka ƙanwar,
Auta